Kalmasa

Riga goma sha biyu aka zube mini a kan tebur
ran Alhamis, kasuwar Dole tana tsakiyar ci.
Koraye ne a da. Yanzu sai ka ce miyar kuka ta kwana.
Barma mai horo ya ce, "Tela, a rage su.
Masu su sun tafi,
magadansu ba su kai ba."

Na san kafaɗun da suka buɗa rigunan nan.
Lamba huɗu ta Mutari ce, Yamai ta saye shi da albashi da ɗaki.
Mai lamba tara ya bi motar masu zinariya zuwa Jado,
shiru kake ji har yau.
Kyari kuwa gwiwa ta ci amanarsa,
yana bakin tasha yana sai da katin waya,
in aka ɗauko zancen kwando sai ya ƙara muryar rediyo.

Sai ga yaran, suna duƙawa a ƙofar shagona.
Nafi'u, shekara sha takwas, giginya a tsaye,
ƙirjin bai fi tafi biyu ba.
Zabairu, ƙafa ta riga hankali girma,
yakan isa gindin kwando ya tarar ya baro ƙwallo a baya.
Da wani ɗan tsurut daga Kara-Kara, Ɗan Ila,
ba ya magana sai cizon leɓe,
amma da na ja awo a hannunsa
na ga yatsu irin na masaƙa.

Na ɗauki almakashi, na mayar.
Ko zare ban yanke ba.
Na naɗe yadin ta ciki, faɗin yatsa huɗu,
na bi da ɗinki mai sauƙin warwara.
Mai cewa a yanke
bai taɓa zura wa yaro ido shekara guda ba.

Bana an casa su, ba na ɓoyewa.
Wasa sha huɗu, uku suka ci,
ɗaya ma don motar ƴan Tawa ta mutu a Gidan Rumji.
Maraɗi ta zo har gida ta auna mana maki
kamar mai awon gero ran biki.
Teburin mai shayi ya samu abin taɓawa:
"Ƙungiya ta ci suna Gawo, ga shi kuwa ya kaɗe!"
Na kurɓi shayina.
Sun manta da damina gawo yake tuɓewa,
sai dawa ta bushe yake fid da ganye.

Ni da asuba nake ganinsu,
in na tura kurar jarkoki zuwa layin famfo.
Tun daga gindin duwatsun Birni nake jin siminti yana amsawa,
tim, tim, tim.
Kwandon ba raga, zoben ƙarfe ne tsirara.
Ɗan Ila yana jefawa, Nafi'u yana tsinto masa,
ba ɗan kallo ko ɗaya sai akuyar maigadi.
Ranar nan na tsaya na ƙirga:
ashirin da bakwai a jere, ƙarfe bai ce uffan ba.
Na rasa layina a famfo.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
Ran da suka nuna, mai ambulan zai sauko daga mota,
ya san hanya, ya taɓa zuwa.
Barma ya ce sun sa hannu, shekara uku.
Na ce takarda ba ta ɗaure mai jin yunwa,
a biya su jikkunansu kan wata ya mutu
mu ga ko za su zauna su girma tare.
Bai amsa ba. Ya dubi takalmansa.

Ban san gaibu ba, ni awo na sani.
Jiya bayan la'asar Nafi'u ya duƙo ta ƙofa,
gumi na ɗiga a kan yadin mutane,
ya ce, "Baba, rigar nan ta fara cizona a hamata."
Na zaunar da shi a kan benci,
na sa bakin reza a zaren da na ɓoye,
na saki yatsa ɗaya.

Saura uku.